Wa Ke Cin Ribar Faɗan Yaro Da Babba?

’Yan’uwana ɗalibai da ƙananan ma’aikata, akwai laƙabi biyu da suka zama sandar dukan juna a ƙasar Gwandu, tun daga majalisar dattawa a ƙofar gida har zuwa teburin mai shayi a tashar Kalgo. Manya su ce “yaran zamani”, mu kuma mu mayar musu da “tsofaffin yayi”. In babba ya faɗi nasa, yana nufin malalaci marar kunya, wanda ya san wayar hannu fiye da hanyar gonar ubansa. In yaro ya faɗi nasa, yana nufin mutumin da kansa ya toshe, wanda ya cinye naman ƙasa ya bar mana ƙashi. Duka biyun ƙage ne, kuma akwai waɗanda ke cin abinci da wannan ƙage.

Bari mu fara da gida, domin wanda ya tashi inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake ba shi da uzurin jahiltar tarihi. Shehu Usmanu yana da shekara 20 kacal lokacin da ya fara wa’azi wajen 1774. Da aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin 1804, Malam Abdullahi wanda ya ja rundunar bai kai shekara 40 ba, Muhammadu Bello kuwa shekararsa 23. Bello ɗin nan ne ya jagoranci cin Alkalawa a 1808, bai cika 30 ba. To, a idon fadawan Gobir da malaman fada, su wane ne waɗannan in ba yaran zamani ba, masu neman rushe abin da aka gada kaka da kakanni? Dattijon da ke alfahari da jihadi da safe, da yamma kuma ya ce yaro ba shi da bakin magana, sai ya zaɓi ɗaya.

Amma kada mu yi saurin tafi. A 1807 Malam Abdullahi ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda takaicin abin da ya gani: son mulki, tara dukiya da dawaki da tufafin ƙawa, da sakaci da shari’a. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya’ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya komo. Waɗanda suka ɓata masa rai ba tsofaffin Gobir ba ne, mutanen tafiyarsa ne, masu jini a jika. Ashe ƙuruciya ba takardar shaidar gaskiya ba ce. Wanda ke shakka ya tuna cewa Manjo Nzeogwu shekararsa 28 a daren 15 ga Janairu 1966 da aka kashe Sardauna a Kaduna.

Darasi na uku ya fi su nauyi. Da Shehu ya rasu a 1817, Malam Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya’a, ɗan wansa, wanda ya girme wa da shekara 15. Ya juya da ɓacin rai, aka ɗauki shekaru ba a jituwa. Sai ga tawayen Kalambaina wajen 1820 ya tsaya wa Gwandu a wuya. Bello bai ce tsoho ya ji da kansa ba, ya taso da runduna ya kawo wa baffansa gudunmawa. Masu tarihi sun rawaito cewa bayan nasara Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama babba, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Yaro ya ba da girma, babba ya ba da haƙƙi. Wannan shi ne gadonmu na ainihi, shi kuwa muka yi watsi da shi muka rungumi gori.

Yanzu mu dubi zargin lalaci. Shin wa ke cikin fadama lokacin noman rani, yana jan injin ban-ruwa cikin sanyin asuba don shinkafar da ake yi wa Jihar Kabi kirari da ita? Wa ke kabu-kabu tsakanin Kalgo da Birnin Kabi? Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu, wahalar ta faɗa kan mai babur da mai injin ban-ruwa kafin kowa. Ɗalibi kuma ya zauna gida wata 9 a 2020, ya sake zama wata 8 a 2022 saboda yajin aikin malaman jami’o’i, ba shi ya saɓa alkawari ba, ba shi ya rufe aji ba. Sa’an nan a dube shi yana zaune a bakin titi a ce ga malalaci! Haba jama’a, a ɗaure mutum a kuma zarge shi da rashin gudu?

Lalle akwai shaye-shaye a cikinmu, akwai bangar siyasa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. To amma ruwa ba ya tsami banza. Wa ke sayen ƙwayar a daren kamfe? Wa ke raba adda da gora? Ɗan banga ba shi da kuɗin hayar mota, wanda ya ɗauko shi kuwa ’ya’yansa na can suna karatu a Ingila.

Mu ma ’yan boko muna da namu laifin. Mukan yi wa duk mai furfura kuɗin goro, mu ce su suka kashe ƙasa. Wane ne su? Tsohon da ya sayar da buhun shinkafarsa da tunkiyar matarsa ya biya maka kuɗin rajista a jami’ar da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, shi ne ya ci kuɗin asibiti? Tsohon malamin firamare mai bin layin fansho, shi ne ya cinye kwangilar hanya? Mutanen nan tare ake zaluntarmu da su, sun ma riga mu shan wuyar. Mu je gida hutu muna yi musu Turanci, muna raina saninsu na ƙasa da damina da zaman tare, alhali kuwa da yawanmu ba mu iya bambance irin shinkafa biyu ba.

Kuma mu tuna da 1978. Da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, ɗalibai suka tashi suna neman a cire Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, aka harbe wasunsu a Legas da Samarun Zariya, aka haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. Su ma an kira su fitsararru. Yau sun doshi shekara 70. Wasu sun tsufa da mutuncinsu, wasu kuma sun hau kujera sun aikata abin da suka yi wa zanga-zanga. Wannan madubinmu ne, wanda ya ga dama ya duba.

To, wa ke cin riba? Mai handama da babakere, ko shekararsa 35 ko 75. Muddin talaka tsoho da talaka yaro suna jifan juna da gori, ba mai tambayar ina kuɗin taki ya shiga. A 2018 aka sa hannu kan dokar rage shekarun takara, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ta majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, muka yi ta murna. A 2022 jam’iyya mai mulki ta sa wa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. An buɗe mana ƙofar shekaru, an garƙame ta kuɗi, ɗan attajiri ya shige, ɗan manomi da ubansa suna waje.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta daina taron matasa zalla. A gayyato manoma da tsofaffin malamai da ’yan fansho, mu ji nasu, su ji namu, mu fitar da buƙata ɗaya mu kai gaban masu mulki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu kuma, da ladabi muke roƙo: ku auna mu da aikinmu, kamar yadda Malam Abdullahi ya auna Bello a Kalambaina. Allah Ya ba mu ikon gane abokin tafiya, Ya kuma tona asirin mai raba mu, amin.