Malam, Duba Saitin Fiyanon Makaranta Kafin Ka Yi wa Yara Faɗa

Duk safiyar Litinin yaran makarantarmu, a nan zangon Kumasi, kan yi layi su rera taken ƙasa, ni kuma ina bin su da fiyanon lantarki. Shekara guda cur na yi ina kallon 'yan aji ɗaya da aji biyu suna miƙe wuya, jijiyoyi a tashe, duk sa'ad da waƙar ta hau sama. Na ɗauka wasa suke yi, har faɗa na sha yi musu. Ashe laifina ne. A jikin fiyanon akwai maɓallin da aka rubuta wa Transpose, wanda ke ɗaga sauti ko sauke shi taki-taki ba tare da mai kiɗa ya canza inda yake sa yatsu ba. Ranar da na sauke taki biyu, ihun ya koma waƙa.

Na san akwai iyayen da ba su son ganin wannan na'ura a makarantar Musulmi ko kaɗan, wasu ma kayan coci suke ɗaukarta. Malamai sun yi saɓani kan kiɗa, ni kuwa ban kai in ba da fatawa ba. Maganata da abokan aiki nake yi, waɗanda manhaja ta ɗora wa darasin fasaha kuma fiyanon ya riga ya shigo ofishin hedimasta. Yawancinmu yadda aka fito da shi daga kwali haka muke barinsa. A kwalejin horar da malamai an koya mana do-re-mi, amma ban tuna ranar da aka nuna mana cewa ana saita shi ba.

Saitin da ya fi damuna shi ne na taɓi. Tun wajen shekarar 1700 da Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a birnin Fulorans na Italiya, abin da ya bambanta shi da kayan kiɗan da ya gada shi ne yana jin hannu: ka taɓa a hankali ya yi magana a hankali, ka buga ya ɗaga murya. Asalin sunansa ma da Italiyanci ke nan, a hankali da kuma da ƙarfi. Na lantarki ba shi da tsirkiya ko guduma. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai abin da ke auna saurin da yatsa ya sauka, ya mai da shi lamba har zuwa 127, lambar ce ke yanke ƙarfin sautin. A fiyanon Yamaha da yawa za ka ga zaɓi huɗu: Soft, Medium, Hard da Fixed. Na ƙarshen yana kashe jin hannun gaba ɗaya.

To nan ne matsalar. Na sha ganin masu kiɗan biki sun bar shi a Fixed don sauti ya fita daidai ta lasifika, kuma su suna da dalilinsu. Amma yaron da ya koya a haka tamkar ɗalibi ne mai karatu da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, daga farkon shafi har ƙarshe. Mu da muke gyara wa yara karatu kullum mun san wuyar cire wannan ɗabi'a. Ƙaramin yaro mai yatsu marasa ƙarfi a sa masa Soft, ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi. Mai dukan maɓalli kamar yana daka sakwara a sa masa Medium ya ji yadda yake ɓata waƙar da kansa.

Sai dai a sani, wannan saiti ba ya canza nauyin maɓallin a ƙarƙashin yatsa. Mai maɓalli 88 da aka sa wa nauyi daban yake da mai 61 na roba, kuma wasu masu arha ba su da jin hannun sam. Don haka kafin kwamitin iyaye ya fitar da kuɗin da aka tara sidi-sidi, wani ya danna maɓalli ɗaya a hankali, ya sake dannawa da ƙarfi. In sautin bai canza ba, a ajiye shi.

Amsa-kuwwa, wato Reverb, a rage ta. Ajinmu siminti ne da rufin kwano, ɗakin kansa yana amsawa. In aka ƙara ta na'ura, kuskure ya ɓuya, yaro ya zaci ya iya.

Wani abu kuma ya shafe mu musamman. Fiyano ya raba tsani gida 12 daidai wa daida, alhali ƙasidun da ake rerawa a kan maƙamai irin Bayati da Rast suna da sautin da ke faɗowa tsakanin maɓallai biyu. Shi ya sa Yamaha ke yin jerin PSR-A, mai ba da damar sauke sauti guda da rabin taki. In naka ba ya yin haka, kada ka tilasta wa ƙasidar maulidi bin sa. Muryoyi da mandiri sun isa.

Wani abokin aikina ya ce Transpose ragwanci yake koyarwa, mutum ya shekara goma bai bar fararen maɓallai ba. Gaskiyarsa, ga mai koyon kiɗa. Shi ya sa a aji nake mayar da shi sifili. A filin taro kuwa maƙogwaron yara nake dubawa.

Namu fiyanon yakan manta wasu saituna da zarar dumsor ya ɗauke wuta. Na rubuta su a takarda na manna a jikin murfinsa, saboda malamar da ke riƙe mini aji ranar da ba na nan.