Biyan lampo ta intanet: na'ura ba ta lissafa abin da ba a rubuta ba

Tun bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yulin 2023, tallafin da ƙasarmu ke samu daga waje ya ragu ƙwarai, har ta kai a watan Oktoban 2023 aka zabtare kusan kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗin ƙasa. Gwamnatin da kuɗin waje suka yanke mata, dole ta juyo ga na cikin gida, watau lampo da duwan. Shi ya sa ƴan kasuwa, teloli, kanikawa da duk mai cin gashin kansa ya kamata su san yadda aikin lampo ke komawa cikin kwamfuta.

Babbar ma'aikatar lampo ta ƙasa, DGI, tana da tsarin e-SISIC, inda mai lambar NIF ke bayyana cinikinsa kuma ya biya ta intanet. Akwai kuma tsarin SECeF da ya kankama a 2021, wanda ke fitar da faktir mai ɗauke da lambar mai sayarwa da tambarin QR, bayanin cinikin kuma ya wuce wurin ma'aikatar. Manyan kamfanoni da matsakaita aka fara da su. Ƙaramin ɗan kasuwa yana biyan lampon dunƙule ne, mai tebur kuwa tikitin kasuwa take biya ga ma'aikatar magajin gari. Amma kada wannan ya sa a yi barci: duk wanda ya sari kaya wurin babban dila mai irin wannan na'ura, cinikin ya bar sawu.

Tsarin yana da amfani. Babu dogon layi, babu "je ka dawo gobe", kuma shaidar biya tana nan ajiye, ba mai sake tambayarka kuɗin da ka riga ka biya. Yana kuma da cikas: ɗaukewar wuta, raunin intanet, ga shi komai da Faransanci, alhali yawancin masu sana'a da Hausa ko Zabarmanci suke ciniki.

Sai dai babbar matsalar tana cikin shago. Kwamfuta abin da aka ba ta take lissafawa. A ce tela ya karɓi jaka 300 a wata, ya kashe jaka 220 wajen yadi, zare, haya da wuta. Ribarsa jaka 80 ce. In lampon riba yake biya, kuma ba shi da takardun abin da ya kashe, da me zai nuna cewa jaka 300 ɗin ba duka ne nasa ba? Haka wanda ya haɗa kuɗin cefane da na shago a aljihu guda, ranar bincike sai abin da aka ƙiyasta masa.

Saboda haka, kafin na'ura, a sayi littafi. A rubuta shiga da fita kullum, a adana kowane faktir, a raba kuɗin gida da na sana'a. Wanda zai ba wani ya cika masa, ya sa a karanta masa adadin kafin a aika, ya karɓi shaidar biya a hannunsa, don sunansa ke kai, ba na mai cikawa ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kuma su matsa a riƙa yi wa jama'a bayani da harsunan gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.