Rigar Arewa, Daminar Kudu

Jama'a, akwai wata asara da mu 'yan Arewa mazauna Kudu muke tafkawa kowace damina, amma ba mu cika maganarta ba. Mutum zai tara guminsa na wata da watanni, ya yanki shadda 'yar Ostiriya, ya kai a yi mata aiki, ya sa ta Sallah guda, ya ninke ya jefa adaka. Ran da ya buɗe sai ya tarar da baƙin ɗigo-ɗigo ko'ina, ga wari. Fumfuna ke nan. Sa'an nan a kama zagin mai wanki, alhali kuwa sau da yawa ba laifinsa ba ne.

Abin da ya sa, mun zo Kurmi da dabarun gida. A Kano, in hunturu ya kama, kana shanya riga kafin ka ci abinci ta bushe ƙarau. Ikko kuwa ruwan da take samu a shekara ya kusa ninka na Kano, iskarta kuma a jiƙe take ko da rani. Ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya komo a Satumba. Rigar da hannu ya ji kamar ta bushe, to, wuyanta da aljihunta, inda aiki ya yi kauri, suna nan da danshi. Auduga kuwa abincin fumfuna ce, balle in ta haɗu da gumi da sitati.

Don haka ni a ganina sitatin nan da muke ƙauna shi ne babban abokin gaba a nan. Daga rogo ake yinsa, kyankyaso ma yana sonsa. Rigar da za a sa gobe a yi mata sitati, babu laifi. Wadda za a ajiye sai wata Sallah kuwa, a wanke ta tas, ta bushe sarai, a ajiye ta haka nan. Kada kuma a ƙulle ta cikin leda, gama leda tsare danshi take yi. A nannaɗe ta cikin tsohon zane mai tsabta, in rana ta buɗe a fitar da ita ta sha iska. Kafur yana korar asu, amma ba ya busar da kaya, kuma guba ne in yaro ya haɗiya.

Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi sun isa. Ban da murza da ƙarfi, ban da jiƙa shadda ta kwana. A juya bayanta a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kan igiya, ba waya mai tsatsa ba. Baƙin rini irin na Ƙofar Mata a wanke shi shi kaɗai, domin baba yana zuba.

Masu wanki da guga, galibinku 'yan'uwanmu ne, a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, ku ma ga taku. Ruwan farantawan nan da kuke zubawa don farin yadi ya yi haske, yana cin zaren siliki da ulu ƙurmus, auduga ma yana raunana ta a hankali. Riga guda mai aikin tsamiya in ta lalace a hannunka, ladan wankin wata bai biya ta ba. In damina ta hana shanya, gara ka gaya wa mai kaya ya ƙara maka kwana biyu, da ka bi danshi da dutsen guga ka ninke masa. Ku kuma masu kaya, ku daina kawo babbar riga ran Alhamis da dare kuna cewa da ita za ku Juma'a.