ƘARFE NA KASHE CIWON DAJI? A KULA KAFIN A SHA



Akwai maganar da ke yawo a wayoyi cewa masana sun gano ƙarfe da jan ƙarfe na kashe dajin ciki da na hanji. Gaskiya ne an yi binciken, amma a tsaya a ji yadda abin yake.

A shekarar 2012 masana a Amurka suka bayyana cewa idan sinadarin ƙarfe ya taru a cikin ƙwayar halitta, yana lalata kitsen fatarta kamar yadda tsatsa ke cin kwano, har ƙwayar ta mutu. A 2022 kuma aka gano jan ƙarfe na shiga injin da ke ba ƙwayar ƙarfi, ya dunƙule sinadaran cikinsa. Har yanzu ana neman hanyar kai wannan ga ƙwayar daji ita kaɗai. Amma akwai wanda likitoci suka daɗe suna amfani da shi: Oxaliplatin da Cisplatin, masu ƙarfen filatinom. Ana auna su da tsayi da nauyin majiyyaci, ana duba jininsa da ƙodarsa kafin kowane zagaye.

To, jama'a, ƙarfen da ke kashe ƙwayar daji shi ne ke kashe lafiyayyar ƙwaya. Bambancin yana wajen awo. Saboda haka duk wanda ya kawo maka garin ƙarfe, ko kwalli, ko ruwan da aka jiƙa tagulla, ya ce maganin daji ne na Musulunci, kada ka sha, kada ka ba iyalinka. Ba mu manta da Zamfara ba: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Allah Ya ambaci amfanin ƙarfe a Suratul Hadid, amma wannan ba izinin haɗiye shi ba awo ba ne.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya daga Daura har Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu shi ne jinkiri. Mutum na ganin jini ko baƙin bahaya, yana ramewa, abinci na tsaya masa a ƙirji, sai a ce basir ne ko olsa, a yi ta jiƙe-jiƙe har wata shida. Idan an ga alamun nan, Alhaji, Hajiya, a je asibiti a Daura. In da buƙata su tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Shika a Zariya.

Zuma da habbatus sauda da addu'a suna nan, amma a faɗa wa likita duk abin da ake sha. Neman magani ba ya hana tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.