Kafin ka buɗe wurin wankin mota a gida, fara gyara fitila

1/ Matasanmu na Gozaki, Kafur, Malumfashi har Funtua, kwanan nan kowa ya samu ɗan gareji ko rumfa a ƙofar gida sai ya fara wankin mota da folish. Madalla, ya fi zaman majalisa. Amma akwai kuskure ɗaya da nake ta gani. Ku biyo ni. 🧵

2/ Yaro zai zuba jarinsa kaf a injin feshin ruwa, sabulu da man folish, sai ya rataya ƙwan fitila guda ɗaya tal a tsakiyar rufi. Ra'ayina: fitila ce ta farko a lissafi. Abin da idonka bai gani ba, hannunka ba zai gyara shi ba.

3/ Ƙanena ya sha wannan. Bara da kaka wani manomi ya sayar da masara ya kawo baƙar mota a goge mishi don ɗaurin aure. Ƙarƙashin jan ƙwai ɗaya tana ta sheƙi. Da safe rana ta fito, jikinta duk zane-zane kamar yanar gizo-gizo. Kuɗin aikin ya mayar, mutumin kuma bai sake dawowa ba.

4/ Wani zai ce "rana kyauta ce, me zai kai ni sayen fitila?" Gaskiya rana tana tona asirin fenti. Amma aiki a cikinta matsala ne: ƙarfe ya yi zafi, ruwa da kumfa su bushe kafin ka tsane, su bar tabo. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri ya fi barin wannan tabon.

5/ Ga kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka wanke mota a fili, kafin ka juya ƙura ta sauka. Ka bi da tsumma a kanta, kai da hannunka kake karce fentin. Dole a shiga inuwa, inuwa kuma sai da haske.

6/ To me za ka duba a kwalin? Na farko, lumen. Shi ne yawan hasken, wat kuwa wutar da yake ci ne. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED mai wat 9 ko 10 ma haka. Mai shago ya ce maka "wat ɗinsa da yawa", kai tambayi lumen.

7/ Na biyu, launin haske, wanda ake rubutawa da K. Mai 2700K zuwa 3000K ja-ja ne, na ɗakin kwana. Na aikin fenti ka nemi 5000K zuwa 6500K, fari kamar hasken rana. Kuma kar ka gauraya ja da fari a gareji ɗaya, idonka zai ruɗe.

8/ Na uku, CRI. Ma'aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya ne, iyakarsa 100. In ka samu mai 90 ko sama, ɗauka. Mai ƙasa da 80 bar shi a shago.

9/ Wurin ratayawa ma rabin aikin ne. Ƙwai ɗaya a tsakiya yana haska saman mota, ƙofofi na cikin duhu, kai kanka kana yi wa aikinka inuwa. Gara dogayen fitilun LED masu ƙafa 4: huɗu a sama, layi biyu a gefe da gefen motar, sai biyu a bango daidai tsayin ƙofa.

10/ Shafa wa bango da rufi farin fenti ko farar ƙasa. Jan bulo da baƙin siminti shanye haske suke. Sannan ka riƙe tocila mai ƙarfi, ka haska fenti a kaikaice. A nan karce yake fitowa fili.

11/ Fitilun nan masu zanen saƙar zuma da kuke gani a TikTok? Suna kyau a hoto, ba musu. Amma mai ƙaramin jari ya bari sai sana'a ta kama. Masu ja da shuɗi masu walƙiya kuwa, na gidan biki ne.

12/ "Ina wutar take?" Mu yi lissafi. Dogaye 6 masu wat 18 sun kama wat 108. Awa 4 na dare, 432 kenan. Batir mai 12V, 100Ah yana ɗaukar kusan 1200, in ka tsaya a rabinsa don ya daɗe kana da 600. Ƙaramar sola ta ishe ka, ba sai ka tada janareta saboda fitila ba.

13/ Wannan kuma batun rai ne. Wutarmu 230V ce, kana tsaye cikin ruwa, sau da yawa ba takalmi. Nemi fitila mai alamar IP65, mai jure ƙura da feshin ruwa. Soket ya hau sama nesa da ruwa, waya kar a ɗaure ta da leda. Kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa, don Allah.

14/ A garuruwanmu kowa ya san kowa. Mota ɗaya ka ɓata, kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya kai tasha. Ka yi mai kyau ma haka zai kai.

15/ Kafin mai mota ya zo ɗauka, fito da ita rana ka zagaya sau ɗaya. In abin da ka gani a waje ya yi daidai da wanda ka gani a ciki, fitilarka ta yi. In ba haka ba, ka san inda kuɗin gaba zai tafi. Allah Ya sa wa sana'a albarka. 🙏