Kokowa Ta Cancanci Kujera A Jami'a

Kowace shekara, idan an gama girbi sanyi ya shigo, hankalin ƴan Nijar yakan koma wuri guda, wato filin kokowa. Jahohi takwas na ƙasa, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace takan aiko da ƴan kokowa goma, su tamanin ke nan, su yi kwanaki suna karawa a kan takobi. Manomi da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, kowa kunnensa na jikin rediyo ko idonsa na kan talabijin. Tun da aka fara wannan gasa a Tawa a shekarar 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa na farko, da wuya a sami wani abin da ke tara ƴan ƙasa wuri ɗaya kamarta.

To, abin da ya kai wannan matsayi a zukatan jama'a, ina matsayinsa a manyan makarantunmu? Muna da jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran jahohi. Muna kuma da makarantar ƙasa ta matasa da wasanni a Yamai, wadda ke horar da malaman motsa jiki. Aikinta abin yabo ne. Amma horar da mai koyar da gudu da tsalle daban, binciken abin da wasa yake aikatawa cikin al'umma daban. Wannan na biyun aikin jami'a ne, kuma ra'ayin wannan jarida shi ne lokaci ya yi da za a ba shi muhimmancin da ya kamata.

Mun san akwai masu cewa wasa ai wasa ne, wanda ya kasa karatu shi ke zuwa can. Uba yakan yi murna idan ɗansa ya ce zai karanta aikin likita ko shari'a, amma ya ɓata fuska idan ya ce ilimin wasanni. Bari mu duba abin da ke cikin wannan ilimi, sannan kowa ya yi hukunci.

Na farko, tarihi. Kokowa ta girmi gasar takobi nesa ba kusa ba. A ƙauyukanmu, da kaka, samarin wannan gari sukan tafi wancan gari, a kafa fage a dandali, makaɗa su saki ganga, ɗan kokowa ya yi kirari ya ambaci iyayensa da garinsu. A nan ake ƙulla abota, a nan wani lokaci ake samun matar aure. Kowane kamu yana da sunansa, kowane kiɗa yana da mai shi. Duk wannan yana cikin kawunan tsofaffin ƴan kokowa da makaɗa da ƴan cali-cali, kuma kullum mutuwa tana rage su. Duk tsohon da ya tafi ba a ɗauki maganarsa an rubuta ba, ya tafi da rumbunsa. Haka abin yake ga dambe da langa da dara da sharon Fulani.

Na biyu, lafiya. Ɗan kokowa jikinsa ne jarinsa. Karaya da targaɗe da gocewar ƙashi ba baƙinsa ba ne. Wane abinci ya dace da shi? Wane irin atisaye ke ƙara masa ƙarfi, wane ke karya shi tun da ƙuruciya? Me maɗori ya sani wanda likita zai amfana da shi, ina kuma ya kamata maɗori ya tsaya ya miƙa wa asibiti? Ba a amsa waɗannan tambayoyi da zato. Sai an auna, an gwada, an rubuta.

Na uku, tattalin arziki. Garin da ya karɓi baƙuncin gasar takobi yakan cika maƙil. Mahauta, masu tuwo, masu masauki, ƴan kabu-kabu, teloli, kowa yana samun rabonsa. Amma shi wanda ya tara wannan taro da guminsa fa? Sarkin kokowa yakan koma gida da takobi da kyaututtuka. Sauran saba'in da tara, da ɗaruruwan da ba su ma kai ga gasar ƙasa ba, me ke jiransu ranar da ƙarfi ya ƙare? Sai an san halin da tsofaffin ƴan wasa suke ciki, da lissafi ba da jita-jita ba, sannan hukuma za ta iya tsara musu abin dogaro.

Na huɗu, sunan ƙasa. A wasannin Olimpik, Nijar ta sami lambar tagulla a 1972 a birnin Munik ta hannun ɗan dambe Isaka Dabore. Daga nan sai da aka yi shekara 44 kafin Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo ta azurfa a tekwando daga Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Ƙungiyar Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Wannan ya nuna akwai iri mai kyau a ƙasar nan. Sai dai iri ba ya isa, sai da manomin da ya san ƙasa, ya san lokacin shuka. Gwarzo ɗaya cikin shekara arba'in sa'a ce. Samun gwaraza a kai a kai kuwa sai da ilimi da tsari.

Saboda haka muna kira ga magabatan jami'o'inmu da ma'aikatun da abin ya shafa, su buɗe wa wannan fanni ƙofa sosai. A haɗa masana tarihi da na halayyar al'umma da likitoci da masana tattalin arziki su yi aiki tare da makarantar matasa da wasanni. A tura ɗalibai ƙauyuka su zauna gaban tsofaffi. Kada a manta da ƴan mata da naƙasassu, domin su ma suna da haƙƙi a filin wasa. Abin da aka gano kuma a rubuta shi cikin harsunan ƙasa, don ya koma hannun masu shi.

Ku kuma ƴan uwa da kuka yi yaƙi da jahilci kuka iya rubutu, ba sai kun jira jami'a ta iso garinku ba. Ku ɗauki alƙalami da takarda, ku tambayi dattawa: su wa suka yi suna a fagen garin nan, wa ya kada wa, a wace shekara, wa ke yi musu kiɗa? Ku rubuta, ku adana. Ranar da ɗalibi ya zo bincike, takardarku ce za ta zama tushen littafinsa. Da haka ɗan kokowa da malamin jami'a da manomi mai alƙalami za su kama wa juna, kowa ya sa hannu a aikin gina ƙasa.

Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.