Gani ya kori ji: a nuna wa manomi ƙwarin da ke yi masa aiki

A 1973 aka fara ganin wani ƙwaro mai farin gari a jiki a gonakin rogo na Kongo. Daga Kudancin Amurka ya shigo, ya baro abokan gabarsa a can, shi ya sa ya bazu har Najeriya, a wasu gonakin ya lalata kashi 80 cikin 100 na amfanin. Masana suka tafi can ƙasarsa ta asali neman abin da ke cinsa, amma da farko ɗan'uwansa mai kama da shi suka bi, ƙwarin da suka kwaso ba su yi aiki ba. Bambancin bai taka kara ya karya ba: ɗaya jikinsa ruwan hoda, ɗayan ruwan ɗorawa.

Sai a 1981 aka gano na ainihin a Faragwai, tare da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai saka ƙwansa a cikin jikinsa. Cibiyar IITA ta Ibadan, bisa jagorancin Hans Herren, ta hayayyafa zanzaron, aka sake shi a ƙasashe fiye da 20, wani wurin ma daga jirgin sama. Rogo ya farfaɗo, manomi bai sayi ko kwalba ɗaya ta feshi ba. A 1995 Herren ya karɓi lambar yabo ta Abinci ta Duniya kan wannan aiki.

Darasin da muka ɗauka shi ne, kowane allazi da nasa amanu, amma sai an san kamanninsu. A nan ne hoton da masu bincike ke ɗauka ke da daraja. Na'ura mai girmama ƙanƙanin abu takan fito da gashin ƙafar ƙwaro da jijiyar fiffikensa, har masani a Zariya da takwaransa a Maraɗi su dubi hoto ɗaya su tabbatar ƙwaro ɗaya suke magana a kai.

Yau muna da sababbin baƙi. A 2016 tsutsar masara ta shigo daga nahiyar Amurka, a shekarar kuma ƙwaron da manoma ke kira sharon ya cinye tumatir a Kano da Kaduna. Wanda ya ga hoton tsutsar masara sau ɗaya ba zai ruɗe ba: a kanta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta akwai ɗigo baƙaƙe huɗu. Uwarta takan jera ƙwai a ganye ta lulluɓe su da gashi. A 2019 masana suka tabbatar cewa zanzaron Telenomus remus, mai saka ƙwansa cikin waɗannan ƙwai, yana nan a Nijar da Binin da Kenya. Bai kai milimita ɗaya ba. Manomin da bai taɓa ganinsa ba zai goya tankin feshi ya kashe shi tare da tsutsar, kuɗinsa ya tafi, mai gadin gonarsa ya mutu.

Abin da ke damun wannan jarida shi ne, hotunan nan suna kwance a mujallun bincike cikin harsunan da mai garma ba ya karantawa, alhali tallar maganin feshi tana kowace kasuwar ƙauye.

Muna kira ga ma'aikatun gona da Cibiyar IAR ta Samaru da INRAN ta Nijar su buga waɗannan hotuna da launi, da bayani cikin Hausa, boko da ajami, a bai wa malaman gona, a tura ta WhatsApp, a manna a shagunan sayar da magani. Gwamnatoci kuma su ware kuɗi na dindindin don ɗakunan kiwon ƙwari masu amfani da horar da matasa masu ɗaukar hotonsu. Kafin damina mai zuwa ta sauka, kowane manomi ya san fuskar ƙwaron da zai kashe da wanda zai bari.